Digiri na Musamman

A tashar Daura motar Sandamu ta ƙi cika. Wani mai babbar riga da jakar kwamfuta ya juyo wajen Adawiyya, wadda ba ta tambaye shi komai ba.

"Hajiya, digiri na biyu nake yi. Ilimi na Musamman."

"Masha Allah. Me ya kai ka can?"

"Sunan mana. Na ɗauka 'ya'yan manya ake koyarwa. Sai da na shiga na tarar kurame ne da makafi."

"Ai su ma 'ya'yan mutane ne, Malam."

"Ban musa ba. Jarrabawa na cinye, kundin bincike kuma an rubuta mini, wato na rubuta. Yanzu sun ce ba digiri sai na koyi maganar hannu, na yi zango guda ina koyarwa a makarantar kurame. Ni da bakina."

"Wace makarantar?"

"Ta nan kusa. Ko kin san shugabar, ta sa mini hannu ba sai na je ba?"

Adawiyya ta gyara mayafinta.

"Na san ta sarai, 'yata Hussaina tana can. Faɗa mini ranar da za ka fara, Malam, in san ranar da zan ɗauke ta."