Allurar Amai Ta Murɗe wa Ɗiyata Wuya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiyar aiki? Ni ce Hajara daga Ƙofar Durbi.

Ɗiyata Bilki tana da ƙaramin ciki, laulayi ya hana ta riƙe ko ruwa, aka kwantar da ita asibiti. Suka yi mata allurar tsai da amai ta jijiya. Ba a jima ba wuyanta ya murɗe, idanunta suka kafe sama, harshe waje. Uwar mijinta ta ce, "Innar Bilki, iska ce! Ɗauko mayafinta mu tafi wurin malam." Ni dai tofi nake mata. Likita ya zo ya ce allurar ce ba ta karɓe ta ba, ya yi mata wata, jikin ya saki.

Ba na ɗaukar alhakin kowa. Amma bayan an sallame ta aman ya dawo, ta rame, gidan mijinta sun ce ba sauran asibiti, hayaƙi za a yi mata. Don Allah ka gayyato likita ya yi bayani, surukar tata ba ta bari shirinka ya wuce ta. Akwai wani magani ban da wannan allurar? Yau ko kunu bai zauna mata ba.