Tokar Akurki

A shagon kayan gini, wani dattijo da wata mai sayar da ƙwai suna jiran a sallame su.

"Baba, buhun siminti guda? Gyaran ɗaki za a yi?" in ji matar.

"Akurki zan yi wa daɓe. Ƙuma ta addabi kajin, har sun daina ƙwai."

"Kai, Baba! Kaza a kan siminti? Ina za ta yi tono? Sanyi ya kama ta, ƙafa ta kumbura. Ka bar musu ƙasarsu, ka watsa yashi."

"Ƙasar ce a ƙarƙashinsu shekara da shekaru, 'yar nan. Ba su taɓa yin ƙuma ba sai bana."

"To, wani abu ya canza. Wa ke kula da su?"

"Mai ɗakina ce. Da safe takan shiga da wani tsohon kwano ta fito. Ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba."

"Toka ce! Ita ke kashe ƙuma, a ciki suke birgima. Ka ce ta ci gaba, ai toka ba saye ake yi ba. Ga ta nan a murhunku."

Dattijon ya daɗe yana kallon buhun.

"Tun da muka kai ta makwancinta ba a hura wuta a gidan ba. A waje nake ci."

"Allah ya jiƙanta," in ji matar a hankali. "Mayar musu da simintinsu, Baba. Je ka hura wuta, ko ruwan zafi ne ka ɗora."