Ciyawar Malam Duba-Ƙaho

Da sunan Allah muke farawa. Liman, shugaban makaranta, malamai abokan aikin marigayi, Hajiya uwargidansa da 'ya'ya da jikoki, jama'ar unguwa, assalamu alaikum.

Mun taru ne don tuna malamin kimiyyarmu, wanda muka laƙaba wa Duba-Ƙaho. Ya kasance mutum mai katse gaisuwa a tsakiya idan ƙwaro ya gifta. Ya kasance mai haƙuri da kowa, ban da wanda ya kira ƙwaron nan nasa mai baƙin fiffike da jan ɗigo malam-buɗe-littafi. Nan take zai ce, "Haba, duba ƙahonsa mana! Na malam-buɗe-littafi yana da kulki a kai, wannan babu. Faɗa-wuta ne, sai dai shi da rana yake yawo."

Muka yi ta dariya, amma duk ya mai da mu 'yan rahotonsa. Tela zai leƙo daga shago, "Malam, na ga mutuminka bayan makaranta." Da haka ya tabbatar cewa a duk garin nan, a bayan makaranta kaɗai yake, domin ciyawa iri ɗaya tsutsarsa ke ci, kuma can kaɗai take fitowa. Da aka ce za a gina azuzuwa a filin, bai hana ba. Ya ce yara sun fi ƙwaro. Amma mun ga damuwa a fuskarsa, don ya san da ciyawar ta tafi, ƙwaron ya tafi.

Sai ya kwashi irin ciyawar ya shuka a tsakar gida. Hajiya, ki yafe mini, duk unguwa mun ji faɗan da kika yi masa kan ya mai da miki gida jeji. Ya kwanta ciwo, ya rasu, bai ga ko ƙwaron ɗaya ya sauka a gidan ba. Wannan yana mana ciwo.

Amma Hajiya ba ta nome ciyawar ba. Ita ke ba ta ruwa. Shekaranjiya da hantsi ta aiko aka kira ni. Na tarar da ita tsugune, ko sallamata ba ta amsa ba, ta ce, "Zo ka duba ƙahon nan." Na duba, ga ƙwaro mai baƙin fiffike da jan ɗigo a kan ciyawar. Babu kulki.

'Ya'yansa, ku bar wa ciyawar nan kusurwarta. Jama'a, akwai iri a bakin ƙofa, kowa ya ɗiba.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna makomarsa, ya raya abin da ya shuka. Amin.