Gurasar da ta mayar da ni asibiti

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Haruna, ni manomi ne a Maska.

Bara taifot ya huda mini hanji. Likitoci suka fito da bakin hanjin ta gefen cikina, yanzu a jakar leda nake bayan gida. Da aka sallame ni, yayata ta kawo mini gurasar alkama da ba a cire dusarta ba. Ta ce, "Ci, Haruna, ita ce ke mayar da jini." Na ci. Kafin la'asar jakar ta daina karɓar komai, cikina ya kumbura, na kama amai. A kan babur aka kai ni Funtua, ana riƙe da ni ta baya. Likita ya ce dusar ce ta toshe hanyar.

Tun daga nan matata take gasa mini gurasa da garin shinkafa ko farar fulawa, bayan ta tankaɗe sosai. Gero da dawar da na noma kuwa, tsoronsu nake ji. Na rame ƙwarai. Yayata ta daina shigowa gidan saboda kunya.

Malam, a tambayar mana masana: garin rogo ko na dankali zai gasu, kuma ba zai toshe ni ba?

Ina gaida Malam Sule na Malumfashi, maƙwabcin gadona a asibiti, mai irin jakata. Lambarsa ta daina shiga. In yana raye, don Allah ya neme ni.