Kada a Cire Uwar Maƙera daga Waƙar Ezra

Mai girma magajin garin Tama, Fasto Luka, Malam Liman, iyayenmu, Inna Esther mahaifiyar marigayi, da jama'a duka, sannunku da haƙuri. Sunana Sila, tare muka tashi da Ezra a bayan asibitin mishan.

Zan fara da gyara. Rediyo ta ce a Yamai aka ɗauki waƙarsa, "Tsawar Adar". Ba haka ba ne. A nan Tama aka ɗauke ta, a maƙerar Baba Umaru, da makirfon coci da batirin mota.

Ya kasance mai kaɗa mana jita ran Lahadi. Ya kasance mai gyara mana lasifika a bikin kowa, Kirista ko Musulmi. Ya kasance mai son metal, kiɗan nan mai rugugi da muka sha rufe masa taga a kansa.

Ni ya yi wa alkawarin buga ganguna a waƙar. Ina jami'a a Tawa, ina atisaye a kan bokiti, sai ya kira ni: "Sila, na samu wanda ya hi ka hannu." Na tambayi ko wane ne. Ya ce uwar maƙera.

Ban kasance a wurin ba ranar da aka ɗauke ta. Walid, mai ɗaukar sauti, shi ya kasance, shi ya ga abin da ni sai labari. Ezra ya roƙi Baba Umaru ya buga masa guduma. Baba ya ce: "Ɗan Esther, ba a dukan uwar maƙera banza. In kana son kiɗi, kawo ƙarhe mu yi aiki." Ezra ya kawo, aka ƙera hauya, ana ɗaukar sautin. Shi ya sa bugun ba ya tafiya daidai. Shirun nan na tsakiya, inda jita ke kuka ita kaɗai, lokacin ne ƙarfen ya huce aka mai da shi wuta.

Har yau in na saurara, nakan ji inda hannuna zai shiga. Babu wuri. Baba Umaru ya cike shi, kuma ya fi ni.

Yanzu Walid ya ce masu sitidiyo a Yamai za su sake fitar da waƙar, a cire gudumar, a sa ganguna masu tsabta. Ya ce ni zan buga. Abin da na daɗe ina jira ke nan.

Inna Esther, izini a hannunki yake. Kada ki ba su. Hauyar nan da kika yi noman bana da ita, ita ce a cikin waƙar. In an cire ta, an cire ranar da ɗanki ya fi kowace rana murna, ranar da ban gani ba.

Mun gode da kuka zo. Ubangiji ya ba Ezra hutu, ya riƙe mahaifiyarsa, ya ƙara wa hannun Baba Umaru ƙarfi. Amin.