Ƙunshin Yaji Zuwa Ingila

A layin gidan waya na Kawo, Hajiya Safara'u ta kasa haƙuri da ƙamshin ƙunshin da dattijon gabanta ya rungume.

"Baba, yaji ne? Ɗanka ne a waje?"

"Maigidana ne, Hajiya, Bature. Shekara ashirin da biyu ina kukunsa, bara ya koma Ingila."

"Ashe ka warke! Yana aiko maka ke nan."

"Ina fa! Nan gida guda ya zauna, har da lambu. Can ɗaki ɗaya ya kama, hayar na cinye fanshonsa. Ya rubuto mini wai da kwat yake kwana, wutar ɗumama ɗaki ta fi ƙarfinsa."

"Bature da kansa?"

"Da kansa. Ba mata, ba ɗa. Ko ƙwai bai iya soyawa ba."

Ta ce, "To yaji zai biya masa haya?"

"Akwai wasiƙa a ciki. Na gaya masa ɗana Sabo ya yi aure ya tashi, ɗakinsa a Hayin Banki ba kowa. Ya dawo kawai."

"Kana ganin zai zo, Baba?"

"Allah ne masani. Ni dai na riga na sa an yi wa ɗakin fenti."