Sunan da Aka Soke Ba a Goge Ba

A bencin tasha, wata mai ɗinki tana ta danna kwamfuta a cinyarta, wani dattijo da ke gefenta yana leƙe.

"'Yata, wa kike zagi haka? Na ga taurari ko'ina."

"Haba Baba, ba zagi ba ne. Shafin shagona na intanet nake gyarawa. In na sa taurari biyu a gaban kalma, biyu a bayanta, sai ta fito da kauri a shafin."

"To wannan mai kama da tsani fa?"

"Shi ke mayar da layi ya zama kanun magana."

"Ikon Allah! Na ga 'Ni kaɗai ce mai shago' ya sha taurari, har da tsani."

"Don kowa ya gani."

"Wannan sunan da kika kewaye da 'yan tsutsotsi fa?"

"Ƙanwata ce. Su ke ja wa suna layi ta tsakiya, a soke shi. Tare muka buɗe shagon, ta ɗauke keken ɗinkinta ta koma wata unguwa, ko sallama babu."

"Au, kwamfutar taki ba ta da abin gogewa ne?"

"Tana da shi mana."

"To ki goge sunan ki huta."

"Baba, ba motarku ake lodi ba?"

"Tamu ba ta cika ba. Goge mu gani."

"Kai Baba! In na goge ai sai na sake rubutawa. A haka kuwa, ranar da ta gama fushinta tsutsotsin kawai zan cire. Ita ce fa ta iya wuyan riga."